Motar Kawu Ba Ta Bin Baƙo

Kaina na ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna na waje, sai ji na yi an damƙi rigata ta baya an fizgo ni. Na zube kan kwalta. Da na ɗaga kai, ga maza cike da hanya, ƙafafunsu duk ƙasar makabarta. Dawowarsu ke nan daga rufe Kawu.

Wanda ya fizgo ni Yaya ne, babban ɗan Kawu, mai aikin ofis a Birnin Kebbi. Idanunai jawur.

"Kai? Kai ɗin dai? Ko laimar kabarinai ba ta bushe ba!"

"Yaya, tsaya ka ji."

"In ji mi? Mi ke hannunka?"

Wayoyi ne guda biyu a hannuna, an feƙe musu baki. A hakan anka gan ni, to mi zan ce?

Ga yadda anka yi. Kawu yayan Innata ne, mai wayarin mota a Gwandu. Ya rasu da hantsi. Ni ina Kalgo ina kabu-kabu, na kai fasinja Dangoma, waya ba sabis. Ko da saƙo ya shigo an kusa kiran azahar. Na murɗa mashin kamar zan kashe kaina, amma kafin in iso an sallace shi, maza duk sun wuce makabarta. Ina shan kwanar gidan sai ga motar Kawu a gicciye tsakar hanya, ƙofa buɗe. Wani ɗan iska ya jira sai da unguwa ta koma ba namiji ko ɗaya, ya fasa ƙofa, ya doka sukundireba cikin gidan makulli ya murɗe, ya karya makullin sitiyari, ya tada mota. Ya yi tafiyar da ba ta fi daga masallaci zuwa bakin rijiya ba, ta mutu mishi. Ya tsere. Ni kuwa ganin wayoyi tsirara suna lilo kusa da ƙarfe, na ce yanzu wuta ta kama. Shi ne na shiga in raba su. Shi ke nan laifina.

Wani daga baya ya ce, "Ai dama don halin ɓera anka kore shi."

Wani ya ce, "A'a, ba sata ba ce, baki ne."

"To baki da sata ai 'yan ɗaki ɗaya ne."

Liman ya ɗaga hannu. "Ku ji tsoron Allah, yau ba ranar wanga zance ba ce. Ku tura motar ku kauce hanya."

Anka tura mota. Ni ba wanda ya ba hannu. Yaya taubashina ne, tun muna yara tsiya ce tsakaninmu, ya ce mini ɗan tasha, in ce mishi alkalami ba tawada. Ran nan ba wasa a bakinai. Kwana ukku ina zaune a bakin rumfar makoki, can gefe wajen takalma, in mutum ya zo wucewa sai ya dafe aljihu.

Kuma ina jin su. "Allahu akbar, an yi rashin mutum." "Mai gaskiya ke nan, ba a sake irinai." Har da wani mai babbar riga da ke share hawaye da hannun riga. Na san shi sarai. Shi ne ya taɓa jawo wata mota garejin Kawu, gidan makulli a fashe, ya ce makulli ya ɓace a gona. Kawu ya ce, "Ina takardu?" Ya ce suna Jega. Kawu ya ce, "To motar ma ta tai Jega ta iske su." Mutumin nan har bakin kasuwa yana zagin Kawu, wai tsoho mai taurin kai, talauci ne zai kashe shi. Yau shi ke kuka ya fi kowa. Rabin rumfar nan sun gudu daga garejin Kawu sun koma wajen masu murɗa waya su naɗe da leda, don wai Kawu ya cika jinkiri da tambaya. Yanzu da ba ya iya amsa musu, kowa masoyinai ne.

Shi ya sa na zauna ina danna wanga a waya. Ni ba ɗan boko ba ne, aji biyu na sakandare na aje biro. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarshi. Amma ba zan bari a tuna da Kawu da bakin waɗanda ba su san shi ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu ya riga mu, Allah ya sa ya huta.

Lokacin da na bar makaranta ba wanda ke son ganina. Na yi tallan rake, na yi kwandasta kwana tara, na yi cajin waya. Inna ta gaji, ta kama hannuna har garejin Kawu ta ce mishi, "Yaya, ga shi nan. In ya gyaru naka, in ya lalace naka." Kawu bai ko ɗago daga cikin bonet ba. Ya ce, "Shina cin abinci?" Inna ta ce kamar gara. Ya ce, "To mai ci shina iya koyo."

Bai iya lallashi ba. In ka murɗa waya biyu ka naɗe, sai ya ja da yatsa ɗaya ta rabu, ya miƙo maka. "Haɗin waya babu dalma, aure na babu shaidu." In ka taɓa wuta ba ka cire kan batir ba, ba zai yi magana ba, sai dai ka ji goro ya sauka bisa ƙeyarka. A wata na huɗu ya haɗa mini fitilar gwaji da hannunai, ƙwan fitilar baya, da waya, da tsinken ƙarfe. Ya ce, "Wagga ita ce idonka. Mota ba ta ƙarya, mai ita ka yi." Ban taɓa mallakar abin da na so kamar fitilar nan ba.

Abin da anka san Kawu da shi, daga Gwandu har Kalgo, shi ne ɓoyayyen maɓalli, wanda direbobi ke ce wa sikuriti. Na wasu, in ba ka danna ba mota ba ta tashi sam. Kawu ya ce wannan wauta ce. "In ta ƙi tashi, ɓarawo ya san akwai abu, sai ya zauna ya nema. Kar ka hana mishi tashi, hana mishi nisa." Shi famfon mai yake yanke wa wuta. Mota za ta tashi da ɗan man da ya rage a bututu, ɓarawo ya yi murna, ya hau titi, sai ta mutu mishi tsakar jama'a. Daga nan ba ya da lokacin neman komi sai na gudu.

Kuma ba ya sa wa mutum biyu a wuri ɗaya. In ka kawo mota, sai ya shiga gefenka ya ce, "Kai ni Masama mu dawo." Mutane na jin haushi, wai yawo yake so a mai ɗinsu. Alhali hannunka yake kallo. Kowane direba na da abin da yake yi kafin ya tada mota, bai ma san yana yi ba. Wani sai ya ja kujera, wani ya gyara madubi, wani ya aje hula. Inda hannunka ya saba zuwa, nan Kawu zai binne maɓalli, don ko mutum na zaune gefenka ba zai ga ka yi wani abu sabo ba. In zai sa, sai ya kore mu duka. "Ku tai ku sha ruwa." Daga shi sai mai mota. Ya kan ce sikuriti ukku ne: maɓalli, da sandar ƙarfe a sitiyari, da baki. "Biyun farko ni ka sa su. Na ukkun ba ni da kayan aikinai."

Na ukkun ne ya ci ni.

Akwai wata Malama, Kirista daga ƙasar Zuru, tana koyarwa a nan Gwandu. Ɓarayi sun taɓa fasa mata gidan makulli a kasuwa ba su samu tafiya da motar ba, ta kawo Kawu ya sauya, ta ce a sa mata maɓalli. Ran da za a sa, anka ce mu tai mu sha ruwa. Ni na zagaya bayan wata matacciyar tifa na leƙa. Ba don mugunta ba, wallahi. So nake in iya. Na ga inda ya sa, daidai inda take aje jakarta. Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma da la'asar a teburin mai shayi, ana gardamar wa ya fi sanin aiki, sai na buɗe baki. Har da nuni da hannu. Mutum nawa ke wurin? Ban ƙirga ba. Su wa da wa? Ban duba ba.

Ba a yi sati biyu ba, motar Malama ta ɓace daga ƙofar makaranta da rana tsaka. Ba ta mutu a hanya ba. Har yau ba labarinta.

Kawu ya kira ni bayan gareji. Tambaya biyu ya yi. "Ka gani?" Na ce na gani. "Ka faɗa?" Na so ya mare ni. Na so ya zage ni ta uwa ta uba, ko da uwar ƙanwarshi ce. Sai kawai ya zare fitilar gwaji daga aljihuna ya rataye a ƙusa.

"Hannunka ya ƙware, bakinka ba a yaye shi ba. Tai, sai ya girma."

Na ce, "Kawu, ai ba ni na sata ba!"

"Kai ka buɗe ƙofa. Wanda ya shiga bai fi ka laifi da yawa ba."

Na yi zuciya na tafi Kalgo. Shekara biyu. Sallah huɗu ban zo gaishe shi ba. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Kullum ina cewa sai na tara abin buɗe shagona, in zo in nuna mishi. In kun ga ina fushi da mutanen rumfa, to ku sani wanda na fi jin haushi shi ne mai rubutun ga.

Abin da ban sani ba sai a zaman makoki, Malama ce ta faɗa mini. Ta zo rana ta biyu, ta yafa gyale, ta shiga cikin gida wajen mata, da ta fito ta tsaya inda nake wajen takalma. Na rasa inda zan sa idona. Ta ce bayan an sace motarta, zango guda cur Kawu na zuwa ƙofar gidanta kowace safiya ya kai ta makaranta, ya koma ɗauko ta. Ta ce mishi ya bari, ya ce, "Aikina ne ya kasa, ni ka biya da ƙafata." Ta ce, "Bai taɓa kiran sunanka ba. Ni dai na sani, garin ba shi da girma. Ka daina sunkuyar da kai, ɗana, ka je ka yi aikin da ya koya maka." Ita kaɗai ta yi mini gaisuwa a ranar.

Rana ta ukku bayan addu'a, na ji Yaya na waya, wai a turo mishi mai wayarin daga Birnin Kebbi, a zo a sauya gidan makulli, a tsinke "wannan tsiyar da Baba ya sa" a haɗa kai tsaye. Tsiya. Abin da ya hana a tafi da motar ubanai ranar jana'izarshi, shi ne tsiya. Na miƙe zan yi magana, sai anka ce matar Kawu na kiranmu, ni da shi.

Tana bayan labule, cikin takaba, Inna na gefenta. Muryar matar Kawu ta dishe.

"Ranar da anka fita da Malam, muna nan zaune munka ji tashin mota. Wallahi sai da zuciyata ta ce mini Malam zai fita. Mata sunka leƙa ta zaure. Wani dogo ne da takunkumi a fuska. Ta mutu mishi a kwana, ya yi ta murɗawa, ya fito ya haye bayan wani mashin da ke jiranai. Sai can daga baya yaron ga ya iso. Tun ran nan na aika a faɗa muku a rumfa."

Yaya ya ce, "An faɗa. Mun ɗauka zancen mata ne, ana son a rufa mishi asiri."

"Zancen mata? Ku kuna makabarta, mu muna nan. Wa ya gani, ku ko mu?"

Ashe tun ranar farko sun sani. Kwana ukku ina zaune wajen takalma, sun sani. Yaya ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Iyakar abin da ya ce ke nan. A gaban mutum ɗari ya ce mini ɓarawo, a gaban labule ya ce Allah ya sawwaƙe.

Matar Kawu ta turo makullin gareji ta ƙarƙashin labule. "Ba mai taɓa motar ga sai yaron ga. Haka Malam zai so."

Washegari da safe munka tura ta gareji. Ina buɗe ƙofa, abin da na fara gani fitilata ce a ƙusar nan. Ba ƙura a jikinta, kuma ƙwan sabo ne. Wanda ya sauya shi ya san ranar da za a sake kunna ta. Na zauna bisa tsohon batir na yi kukan da ban yi a rumfa ba.

Sannan na yi aiki. Na cire kan batir. Na kwance robar wuyan sitiyari, abin da ya rage nata. Gidan makulli ya tashi daga aiki, bakin sukundireba ma ya karye a ciki. Ƙusoshin da ke riƙe da shi ba su da kai, haka ake yin su don kar a kwance, sai da na bi su da kurfi da guduma a hankali har sunka juya. Na samo wani gidan na hannu mai kyau a cikin tarkacen Kawu, na zauna na juye ƙananan haƙoran cikinai ɗaya bayan ɗaya har makullin Kawu na asali ya shiga ya juya, don kar a koma yawo da makulli biyu. Wayoyin da ɓarawo ya feƙe, na yanke inda sunka ƙone, na haɗa da dalma, na rufe. Fis ɗaya ya ƙone, na sauya. Na ja kowane haɗi da yatsa. Ba wanda ya rabu.

Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta ƙi kamawa. Famfo ba wuta. Maɓallin Kawu na nan yana aikinai, kuma duk duniya ba wanda ya san inda yake sai wanda ke kabari.

Kafin nan 'yan kallo sun cika bakin gareji, har da masu dafe aljihu. Wani ya ce, "A bi waya mana." Kawu na binne wayarshi cikin damin wayoyin mota ya naɗe su tare, in za ka bi ta sai ka farke motar duka. Na juyo na dube su. Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.

"Ku tai ku sha ruwa."

Sunka yi tsaye. Na ce, "Ba ku ji ba?" Na ja ƙofa na rufe.

Na zauna kujerar direba, na ce, to, mi Kawu ke yi? Ba ya taɓa madubi. Hularshi ba ta barin kai. Shiga yake, ya yi bisimilla... sai na tuna. Takalmi. Kawu bai taɓa tuƙi da takalmi ba. Sai ya tuɓe su, ya sunkuya, ya tura su ƙarƙashin kujera da hannun dama. Shekara da shekaru muna mishi dariya, muna cewa Kawu ya mai da mota masallaci. Shi kuwa ya ce ƙafa ta fi jin mota in ba takalmi. Na tuɓe silifas ɗina, na yi bisimilla, na sunkuya na tura su. Bayan yatsana ya gogi wani ɗan tudu ƙarƙashin shimfiɗa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na danna. Na ji famfo ya yi zuuu daga baya. Murɗa ɗaya ta tashi.

Duk garin nan sun ga yana danna shi, sau dubu, a gaban idonsu. Ba wanda ya gani.

Kar wani ɓarawo ya karanta wanga ya yi murna, ya ce bakin nan har yau ba a yaye shi ba. Na faɗa ne don na riga na raba maɓallin da waya. Na hannun Kawu ne, kuma hannun ya tafi. Yaya takalmi mai igiya yake sawa, ba zai tuɓe ba. Motar na kulle a gareji, hancinta na kallon bango, sandar ƙarfe a sitiyari, batir na ɗakin Innata.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya tsare wa mutane abin hawansu, Allah ya tsare shi daga azabar kabari. Yadda ya rufa mini asiri wajen Malama, Allah ya rufa mishi ranar da ba rufi sai nashi. Wanda ya zo sata ranar jana'iza kuwa, na bar shi da Allah, don in na ce zan yi mishi addu'a ba mai kyau za ta fito ba.

Jiya Yaya ya yi rubutu a gurup ɗin gida, mai mutum sittin da wani abu, har da surukai. Wai in rubuto inda abin yake, zai aiko direba ya ɗauki mota. A gurup! Ban amsa a can ba. Ga abin da na tura mishi shi kaɗai:

"Salamu alaikum Yaya. Ya ƙarin haƙuri. Mota ta tashi, makullin Kawu ke tada ta. Amma ba na rubuta wurin maɓalli a waya, kuma ba na ba direba. Ka zo da kanka ran Asabar, kai kaɗai. Za ka kai ni Masama mu dawo, ni ina gefe, kar ka tambaye ni mi nake kallo. In mun dawo in sa maka naka, daga ni sai kai. Ko Inna ba za ta ji ba, ko an sa mini wuƙa. Haƙuri kuma kar ka ba ni a waya. A kwanar gida ka ce mini ɓarawo, mutanen na nan ba su ƙaura ba, ka san inda za ka same su bayan la'asar. Maɓallin Kawu na bar shi inda yake, ba ya haɗe da komi, kar ka sa a cire. Ran Asabar ɗin dai, sau ɗaya, in za ka shiga motar ka tuɓe takalmi."